Wa Ya Ture Allon Shataletale?

Shafi na 23

Na ga saƙonninku 'yan uwa, har wayata ta yi zafi. Wata ma cewa ta yi in ban saki shafin nan yau ba za ta zo ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana. To naɗe tabarmarki baiwar Allah, ga shi nan. Wanda ya shigo yanzu kuma kada ya damu, ga inda muka kwana: da sanyin safiyar ranar hutu motar gidan Mai Girma shugaban birni ta shiga shataletale ta hannun da ba nata ba, ta ture allon da ke tsakiya, ta tattake tukwanen furanni, ta kuma ƙara gaba abinta. Wani mai shago da ke buɗe ƙofa ya ɗauka a waya. Gilashin motar baƙi ne, ba a ga mai tuƙi ba, amma lambar ta fito ɓaro-ɓaro.

*

Tun da gari ya waye Hajiya, matar Mai Girma, ba ta ce uffan ba. Kun dai san Hajiya, in ta yi irin wannan shirun ko kyanwar gidan ba ta giftawa ta gabanta. Da kanta ta jera kayan shayi a tebur, ta sallami mai aiki, ta zauna tana shafa wa burodi bota a hankali. Wayarta na kife kusa da faranti. Bidiyon nan ta kalle shi har ta haddace, don ƙanwarta ta turo, matar wanta ta turo, har ƙawayen da suka shekara ba su neme ta ba duk jiya suka tuna da lambarta.

Mai Girma yana ɗaya gefen yana juya cokali a kofi. Sukarin ya narke tun tuni, amma bawan Allah juyawa kawai yake yi. Mutumin da ke tsayawa a majalisa ya yi magana har 'yan adawa su fara hamma, yau ya kasa haɗa ido da matarsa.

Ana cikin haka mai ba shi shawara ya yi sallama. Sunansa na yanka ya ɓace tun zamanin kamfe, kowa Ba-Matsala yake ce masa, don ko rufin ɗaki ne ya faɗo masa a ka abin da zai fara cewa ke nan. Ya shigo da waya a kowane hannu, turare na tashi, ya rusuna ya gaida Hajiya, ya ja kujera tun ba a ce ya zauna ba.

Ya ce an gama komai, Yallaɓai ya kwantar da hankalinsa. Baba Direba zai je ofishin jami'an hanya ya ce shi ne, gyangyaɗi ya ɗauke shi, tsoro kuma ya hana shi tsayawa. Za a karɓe lasisinsa, a sallame shi daga aiki kamar yadda doka ta ce, jarida ta rubuta cewa Mai Girma ba ya kare kowa ko da na gidansa ne. Har ma riba za a ci, in ji shi. Daga baya in ƙura ta lafa sai a san yadda za a riƙa tallafa wa tsohon ta bayan fage.

Dokar da yake magana a kai kuwa, Mai Girma ne ya sa mata hannu bara da biron kansa, lokacin da motocin gwamnati suka addabi mutane da gudu. Direban hukuma da ya yi ɓarna ya gudu, lasisi ya tafi, aiki ya tafi. Allon da aka ture ma shi ya yaye masa ƙyalle aka yi ta tafi. Kun san abin da aka rubuta a jiki? A YI TUƘI DA HANKALI.

Hajiya ta ajiye wuƙar bota.

"Shi Baban ya yarda?"

Ba-Matsala ya ce ai bai ma bari an ƙarasa masa bayani ba, cewa kawai ya yi in don Yallaɓai ne ba komai.

Nan ne ran Hajiya ya ɓaci na gaske. Baba Direba fa ba ɗan jiya ba ne a gidan nan. Tun ranar da aka fara ba mijinta motar ofis yake jan shi, a kan kujerar nan gashinsa ya yi fari. Shi ya ɗauko autarsu daga asibiti tana cikin tawul, shi ya kai ta jami'a da akwatunanta. Ba shi da gida na a zo a gani, ba shi da sarauta, abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne: bai taɓa goge motar wani a kan titi ba, ba a taɓa tsayar da shi an ce ya yi laifi ba. Lasisinsa a leda yake naɗe shi ya sa a aljihun ƙirji. Ƙarshen shekarar nan zai yi ritaya, har ya fara gaya wa jikokinsa za a yi masa taro a ba shi takardar yabo.

Ta dubi Ba-Matsala ta ce ya ɗan jira su a falon waje. Ya so ya ce wani abu, ya kalli fuskarta, ya kwashi wayoyinsa ya fita.

Falon ya yi tsit, sai ƙarar cokalin nan.

"Malam."

Haka take kiransa tun yana koyarwa a firamare, kuma yanzu ba ta fito da sunan sai magana ta kai magana. Ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Malam, tunda nake da Baba ban taɓa ganin ya kunna waifa ba alhali ko ɗigon ruwa babu a sama."

Cokalin ya tsaya.

Ta juyo wayar ta tura masa gabansa. Ta ce ya duba da kyau, daidai inda motar za ta karya kwana. Ga rana ta fito, gilashi a bushe ƙayau, amma abin goge gilashin sai kai da komowa yake yi. Ta ce wanda ya kai hannu zai ba da sigina ya kamo waifa, wannan ba gyangyaɗi ba ne, ɗan koyo ne. Kuma ɗan koyon da Baba zai yarda ya sauka daga kujerarsa ya ba shi, a duniyar nan ba su da yawa.

"Wa ke tuƙa motar nan?"

Mai Girma ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Wallahi tausayi ya ba ni. Can ƙasa-ƙasa ya ce,

"Ni ne."

Daga nan maganar ta ɓalle masa kamar an kunce bakin buhu. Ya ce ai ta sani, shi bai taɓa iya mota ba. Daga keke ya hau bayan motar ofis, daga nan kuma kullum da direba, da aka shiga siyasa kuwa ina ya ga fuskar zuwa makarantar koyon tuƙi? To tun watannin baya ya roƙi Baba. Duk ranar hutu da sassafe, lokacin da take zaton motsa jiki yake fita, filin ajiye motoci na bayan filin wasa suke zuwa, ba kowa sai tsuntsaye. Baba ya jera masa robobin ruwa yana zagaye su. Ya iya tashi, ya iya ribas, har fakin ya fara yi tsakanin robobi biyu bai taɓa ko ɗaya ba. Jiya sai kansa ya kumbura. Ya ce yau titi zai hau. Baba ya roƙe shi, ya ce da saura Yallaɓai, ko takardar ɗan koyo ba ka da ita. Shi kuma ya ce umarni ne. Da suka iso shataletale wata babbar mota ta danna hon a bayansa, ya rikice, ya nemi birki ya taka totur. Gudun da aka yi ma shi ne ya ce a yi, Baba har hawaye ya yi yana cewa a tsaya.

Hajiya ta tambaye shi abin da ya kai shi, da girmansa da furfurarsa, ga direbobi har sun yi masa yawa.

Sai ya ce,

"Ke kika ce."

"Ni?"

"Ranar da muke dawowa daga kai Auta makaranta. Kika ce rabon da mu yi tafiya mu biyu, ba kunne na uku, tun zamanin da nake goya ki a keke. Na ce a raina kafin in sauka daga kujerar nan sai na ɗauke ki a mota da hannuna. Ko zagaye unguwa ne."

Jama'a, ku gaya min, ya za ta yi da wannan mutumin? Ta zo da faɗa cike da baki, ga shi ya zare mata shi gaba ɗaya. Maganar da ta yi ta manta, ashe shi ya ɗauka ya adana. Daɗi ya kama ta har cikin ƙashi, dariya na cin ta, idonta kuma ya cika da ƙwalla. Ta juya kai ta yi kamar tana gyara ɗankwali don kada ya gani ya samu ƙofa.

Da ta juyo ta ce ta ji, kuma ta gode, Allah Ya bar ƙauna. Amma ba za ta shiga motar da aka sayo da mutuncin Baba ba.

Ya ce ta gane mana. Garin nan kaf hotonsa ne riƙe da sitiyari, an rubuta a ƙasa cewa a ba shi tuƙin birni. Hoton da aka ɗauka mota na tsaye a gareji, ko makulli babu a jiki. In aka ji bai iya mota ba, bai da lasisi, kuma shi ya karya dokar da ya sa wa hannu, 'yan adawa har waƙa sai sun yi masa. Tarar ba ta dame shi ba, sharar titin da dokar ta ɗora wa mai tuƙi ba lasisi ma zai iya. Dariyar ce ba zai iya ba.

"Za su yi dariya," in ji Hajiya. "Ni ma nan da ka gan ni dannewa nake. Su yi ta yi, kwana biyu ne wani abin zai taso su manta. Shi kuwa Baba da wannan zai koma gida, jikokinsa su ji an ce kakansu ya yi barci a kan sitiyari an kore shi. Malam, kai fa ka koya wa yaran mutane cewa wanda ya fasa tagar aji shi zai ɗaga hannu."

Ya daɗe yana kallon shayin da ya huce. Sannan ya ture kofin, ya miƙe, ya ce a kira masa Baba.

Wayar Baba a kashe.

Aka kira mai gadi. Ya ce ai Baba tun da farar safiya ya zo, sanye da kayan aikinsa an goge su ƙal, ya wanke ƙaramar motar Hajiya kamar kullum, ya ba shi makullai ya ce a ajiye, ya fita da ƙafa. Ba-Matsala da ke laɓe a bakin ƙofa ya yi tari ya ce e to, shi dai sai da rana ya ce masa ya je, amma tsohon ya ce abin da za a yi gara a yi shi da wuri.

Mai Girma ya ce a fito da mota yanzu. Sai a lokacin aka gano cewa Ba-Matsala ya ba sauran direbobin hutun yini, wai don kada su yi surutu da 'yan jarida. Motar rakiya kuma ba ta zuwa sai lokacin fita ofis. Ya juya ga Ba-Matsala ya ce to shi ya kai shi. Karon farko a tarihi mutumin nan ya ce akwai matsala. Ya rantse ba zai ɗauki ubangidansa da hannunsa ya kai shi inda za a yi masa tsirara ba, ya koma gefe ya hau kiran manyan jam'iyya da wayoyinsa duka biyun.

Ga shugaban birni guda tsaye a tsakar gida, motoci jere a gabansa, ba wadda zai iya fitarwa.

Hajiya ta fito da mayafinta da jaka. Ta miƙa wa mai gadi hannu, ya sa mata makullin ƙaramar motar. Ta buɗe ƙofar direba, ta zauna, ta ja kujerar gaba kaɗan, ta gyara madubi, ta ɗaura bel. Ta tayar da motar, ta yi ribas ta fito daga tsakanin manyan motoci biyu sumul, ta tsaya daidai ƙafar mijinta, ta sauke gilashi.

"Shigo, Malam. Ka ɗaura bel."

Ya shiga ne kawai don ƙafafunsa sun kai shi. Sun fita daga layin, sun hau babban titi, bakinsa bai rufu ba. Ta ba da sigina, siginar ce kuma ta kama ba waifa ba. Sai da suka wuce gidan mai ya iya tambayar tun yaushe.

Ta ce tun Auta na goye. Shekarar da aka tura shi kwas, yarinyar ta yi ta zazzaɓi, ta ga ba za ta zauna jiran a zo a kai ta asibiti ba. Lasisinta na cikin jaka, ba ta taɓa bari ya mutu ba. Duk zuwa gidan ƙanwarta da take yi, da sun sha kwanar layi suke musayar kujera. Ya ce ita da wa? Ta ce da wanda ya koya mata mana.

"Baba?"

"Da robobin ruwa. A bayan filin wasa."

Ya ce shi ne tsohon nan bai taɓa gaya masa ba? Ta ce kamar yadda bai taɓa gaya mata nasa ba. Ta ce ita ma ta so ta faɗa, amma ta san shi da jin kunya, ba ta so ya ga matarsa ta riga shi. Ta yi ta jira ya koya tukuna, sai ta yi kamar a wajensa ta gani.

Mai Girma ya jingina da kujera ya fara dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji daga bakinsa ba, har yana share ido da hannun riga. Ita ma ta saki tata. Su biyu ne a motar, ba kunne na uku, ga gari yana wucewa ta gilashi. Ba haka ya tsara ba, amma dai ga shi an yi, kuma daɗin bai ragu da komai ba.

Danja ta tsayar da su daf da shataletalen jiya. Ga allon can kwance, ma'aikata na kwashe fasassun tukwane. Titin ba kowa ta kowane gefe. Ya duba agogo, ya dubi hanya, ya ce ko za ta ɗan wuce tunda ba mai zuwa, kada Baba ya riga su. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce dokar da aka karya jiya ta ishi gidansu, ba za ta ƙara ba. Suka jira har ta ba da kore.

Ofishin jami'an hanya cike yake da mutane, masu biyan tara da masu neman a sakar musu babur, kowa a kan benci yana fifita da abin da ya samu. Da Mai Girma ya shigo ba rakiya ba jiniya, daga shi sai matarsa, hayaniyar ta ɗauke ɗif. Sai wayoyi suka fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.

Can ƙurya, gaban teburin wata jami'a matashiya, Baba Direba na zaune a kujerar masu laifi, hularsa a kan gwiwa. Ya riga ya warware ledar. Lasisin na kan tebur, jami'ar ta ɗora yatsu a kai za ta ja shi wajenta.

Mai Girma ya ratsa benci ya isa, ya dafa katin da tafin hannunsa.

Baba ya ɗago, ya zabura zai miƙe. Ya fara cewa Yallaɓai don Allah ka koma gida, an riga an gama, ni na ce ni ne. Hajiya ta matso ta dafa bayan kujerarsa ta ce, "Baba, ya isa haka. Ka rufa mana asiri da yawa."

"'Yata," in ji Mai Girma, da muryar da duk ɗakin ya ji, "mayar wa dattijon nan kayansa. Bai taɓa goge motar kowa ba, jiya ma bai goge ba. Ya ce kada in hau titi na ƙi ji, ya ce in tsaya na ƙi tsayawa. Ni na tuƙa motar."

Jami'ar ta dube shi, ta dubi Baba, ta dubi wayoyin da suka kewaye su. Ta zare hannunta a hankali. Mai Girma ya ɗauki lasisin da kansa, ya naɗe shi a ledar yadda ya saba gani ana yi, ya sa wa Baba a aljihun ƙirji. Tsohon ya dafe wajen da hannu biyu.

"To ranka ya daɗe," in ji jami'ar, "a ba ni naka lasisin."

"Ba ni da shi. Ban taɓa yi ba."

Wani a kan benci ya shaƙe da dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Jami'ar ba ta ko murmusa ba. A bangon da ke bayanta, daidai saman kanta, ga hoton Mai Girma cikin firam yana kallon ɗakin. Ta nuna masa kujerar da Baba ya tashi daga kai, ta cire murfin biro.

"Zauna, ranka ya daɗe. Sunanka?"